WARƘA ƊAYA A KULLUM: YADDA YAHUDAWA KE TSARE KARATUNSU

Daga Wakilinmu a Gusau

Duk wanda ya tashi a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san zaman zaure bayan sallar asuba, inda malami ke biya wa ɗalibai Ahalari ko Iziyya ko Risala, layi biyu yau, layi uku gobe, har littafi ya ƙare. Amma da yawa daga cikin ma'aikatanmu, da zarar sun karɓi takardar shaida sun kama aiki, sai su yi sallama da littafi, kullum hujjarsu ita ce babu lokaci. Saboda wannan ne muka ga ya kyautu mu duba wata al'umma wadda ta daɗe da fuskantar wannan matsala, watau Yahudawa, mu ga dabarar da suka yi mata. Maganar siyasa da ta aƙida suna da nasu wurin. Abin da ke gabanmu yau shi ne tsarin karatu.

Karatun yau da kullum na Bayahude mai riƙo da addininsa kashi uku ne: nassi, da hukunce-hukuncen ibada, da gyaran hali.

Ta wajen nassi, an raba littattafai biyar na Attaura zuwa kashi 54, ana karanta kashi ɗaya ko biyu kowace Asabar a wurin ibadarsu, yadda za a sauke su cikin shekara guda. Waɗansu kan ƙara raba kashin mako gida bakwai domin kowace rana ta sami nata. Haka nan surori 150 na Zabura an raba su bisa kwanakin wata. Mai karatu zai ga wannan ya yi kama da yadda mahaddatanmu ke bin izifi sittin, izifi biyu a rana, su sauke cikin wata ɗaya.

Babban aikin kuwa yana ga littafin da suke kira Talmud. Tushensa shi ne Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, sa'an nan malamansu na ƙasar Babila, watau Iraƙi ta yanzu, suka yi ta sharhi da muhawara a kanta har wajen shekara ta 500. An rubuta shi da Ibrananci da Aramiyanci, kuma babinsa na farko yana magana ne a kan lokutan addu'a. Girman littafin ya sa a da sai waɗanda suka keɓe kansu domin ilmi ke iya ratsa shi, ɗan kasuwa da ma'aikaci kuwa sai dai su ji labari.

A cikin watan Agusta na 1923, a wani babban taron malamansu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani matashin malami daga Polan mai suna Meir Shapiro ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce kowa ya karanta warƙa ɗaya, gaba da baya, a kowace rana, kuma duk duniya a kama warƙa iri ɗaya a rana ɗaya. Aka soma ran 11 ga Satumba na wannan shekara, aka sa wa tsarin suna Daf Yomi, ma'ana warƙar yini. Talmud yana da warƙa 2,711, saboda haka sauka ɗaya takan ɗauki shekara bakwai da kusan wata biyar, ba hutun Asabar, ba na idi. Hikimar abin ita ce, fatake da matafiya duk garin da suka sauka za su tarar ana kan warƙar da suka bari. An yi bikin sauka ta 13 ran 1 ga Janairu, 2020, inda mutane wajen 90,000 suka taru a wani filin wasa a jihar New Jersey ta Amurka. Bisa lissafi, ƙarshen zagaye na 14 ya faɗo ne cikin watan Yuni na 2027.

Kashi na biyu shi ne hukuncin ibada. Suna da addu'o'i uku a rana, ta safe, da ta yamma, da ta dare, kuma waɗansu sassa ba su yiwuwa sai maza baligai goma sun hallara. Mafi shahara cikin masu tsara waɗannan hukunce-hukunce shi ne Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya yi likitanci a Masar ya rasu can a 1204. Littafinsa Mishne Tora juzu'i 14 ne, kuma tun 1984 aka tsara karatunsa na kullum. Bayansa sai Shulhan Aruk na Yusufu Karo, wanda aka fara bugawa a Benis a 1565.

Kashi na uku, gyaran hali, shi ne zai fi ba mai karatu mamaki, domin ɗaya daga cikin manyan littattafansu na wannan fanni da Larabci aka rubuta shi. Bahya ɗan Bakuda na Sarakusɗa, a ƙarni na 11, ya sa wa nasa suna Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub, watau jagora zuwa farillan zukata. A 1873 kuma wani malami a gabashin Turai, Isra'ila Meir Kagan, ya wallafa littafi sukutum a kan haramcin giba da annamimanci, wanda daga baya aka yanka shi gutsure-gutsure domin karatun kullum. Wanda ya san hirar ofis bayan ƙarfe goma sha biyu ya san wannan darasi bai tsufa ba.

Wannan al'ada ta taɓa matsowa kusa da mu. Yahudawan Tuwat a Sahara sun yi suna a fataucin rairayi, har zuwa 1492 lokacin da rikici ya ɓarke tsakaninsu da Shehu Magili, malamin nan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wajen 1860 kuma wani malaminsu ɗan Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna Tambutu yana fatauci, ya yi ta jawo danginsa har suka cika goman da ake bukata domin addu'ar jam'i.

To, ina abin ɗauka? Shapiro bai rage girman littafi ba, bai kuma ƙara wa yini sa'o'i ba. Abin da ya yi shi ne ƙayyade rabon kowace rana, da haɗa mutum da abokan karatu waɗanda za su tambaye shi in ya yi fashi. Ma'aikacin da ke shiga mota kullum daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa ofis a Gusau, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, in kowannensu ya ɗaure wa kansa shafi biyu a rana, ko na fiƙihu, ko na dokokin aiki, ko na lissafi, zai tashi da shafi 730 a ƙarshen shekara. Malaman zaurenmu sun riga sun nuna hanyar tun kaka da kakanni. Da yayyafi kogi kan cika.