Injin Shara Na Ta Ƙara, Ƙura Na Nan Cikin Kafet



Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk gidan da ke Bulkachuwa ko Azare ya san hunturu. Iska na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta cikin kafet. A lokacin ne mu masu kantin magani muke yawan ganin iyaye suna neman Ventolin saboda yaro mai asma ya kwana yana tari. Wasu za su ce ai suna da injin shara, kullum sai sun bi falo da shi. To, ki kifa kan injin ki duba, burushin da ke ciki yana juyawa?

Wannan burushi shi ke kaɗe kafet ya taso da ƙurar da ta nutse, sannan injin ya zuƙe. Idan ya tsaya, ƙarar injin ba ta canzawa, sai dai ƙurar sama kawai yake ɗauka, ta ƙasa tana nan inda yaro ke rarrafe.

Kafin ki taɓa komai, cire filogi daga soket. Yawanci matsalar gashi ce, da zare, musamman gashin doki da ake kitso da shi, don ba ya tsinkewa da sauƙi. Yakan naɗe burushin, ya cushe a gefe biyun da yake juyawa a kai har ya ƙame. Ki sa almakashi ki tsarge shi a tsaye, ki zare, ki kwance murfin ƙasa da sukundireba ki share gefunan. Ki juya burushin da hannu. In ya tafi sumul, an wuce nan.

Sai bel, robar da ke haɗa burushin da injinsa. Idan kina jin ƙaurin roba lokacin shara, ko kin tarar ya saki ko ya tsinke, sabo za a sa. Ki ba maigida tsohon ya tafi da shi kasuwar Azare don a samu daidai girmansa. Ɗaure shi da zare ɓata lokaci ne.

Wasu kawunan suna kashe kansu idan sun yi zafi. Ki bar shi ya huce kamar minti 30, in yana da maɓallin sake tayarwa ki danna. Ki kuma goge 'yan ƙarafan da ke kai wuta daga sanda zuwa kan, ƙura na toshe su.

Abin da ke ba ni takaici shi ne injinan gwanjo. Wanda aka yi don Amurka wuta 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. In an jona shi ba taransifoma, kwayil ɗinsa zai ƙone, wannan kuma aikin mai gyaran fanka ne, ba naki ba. Ki karanta rubutun da ke jikinsa tun kafin a biya kuɗi. Ƙaramin janareto ma ba ya ɗaukar injin da ke cin wat 1,500.

Bayan gyara, burushin zai taso da ƙura fiye da da, don haka ki fitar da mai asma daga ɗakin har ta lafa. Ki zubar da sharar a waje. Matatar da ake wankewa, ki bar ta ta bushe kwana guda cur kafin ki mayar.

Idan duk da haka yaro na buƙatar abin shaƙarsa fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashinsa da dare, kada ki ƙara sayen wani ki yi shiru. Ki kai shi asibitin tarayya na Azare ko mafi kusa da ke, likita ya duba ko yana buƙatar maganin rigakafi na kullum.