Tsawon ɗumama jiki da sanyin ɗakin jira a gasar ninkaya

A gasar Olamfik ta Paris ta 2024, Nicolò Martinenghi na Italiya ya ci zinare a ninkayar mita 100 ta salon kwaɗo da daƙiƙa 59.03. Adam Peaty da Nic Fink suka biyo bayansa da 59.05. Wasan da tazararsa ke nan, abin takaici ne a ce har yau masu horarwa da yawa na sa yaransu su gaji tun kafin a busa usur, da sunan ɗumama jiki.

A 2015 Henrique Neiva da abokan aikinsa a Fotugal sun gwada ɗumamawar mita 600 da 1,200 da 1,800 kafin tseren mita 100. Ta 1,800 ce ta zo ƙarshe, sauran biyun kuma kusan kunnen doki. Dalilin a fili yake: tsoka na ɗaukar zafin da take bukata da wuri, abin da aka ƙara bayan nan cin ƙarfi ne kawai.

A ganina ma babbar ɓarnar tana faruwa ne bayan an fito daga ruwa. Ɗan wasa zai canza kaya, ya yi ta fama da matsattsiyar rigar gasa, sannan ya zauna a ɗakin jira har a kira sunansa. Minti talatin ko arba'in su wuce, jiki ya huce. Binciken Zochowski na 2007 ya nuna cewa jiran minti 10 ya fi na minti 45 kyau a tseren mita 200, da fiye da kashi 1 cikin 100. A tseren minti biyu, sama da daƙiƙa guda ke nan. Ina jin wannan jiran ne ya haifi al'adar tsawaita ɗumama jiki: koci na ganin idan aka daɗe a ruwa zafin zai jure. Gajiyar ce ke jurewa.

Masu kare tsohuwar hanya na cewa sai ɗan wasa ya saba da ruwan, ya gwada juyi a bango, hankalinsa ya kwanta. Da gaskiyarsu, kuma jikin kowa daban ne. Sai dai mita 1,000 ma ta isa a yi duk wannan.

Saboda hucewar jiki lokacin jira ne wasu ƙungiyoyi suka koma ga riguna masu ɗumama jiki da lantarki, da tsalle-tsalle da juya kafaɗu a ɗakin jira. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin rigar, jaket mai kauri da safa da motsa jiki na minti biyar ba su fi ƙarfinta ba.