Dalilin Da Ke Sa Injin Ban-Ruwa Ya Ƙi Tashi

A Sabiyal da sauran garuruwan Aliero, Jega da Maiyama, albasar rani ta dogara ne ga injin ban-ruwa. In inji ya ƙi tashi kwana uku, shuka sai ta fara yaushi. Sau da yawa laifin na kafireta ne.

Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin fulogi ya ba su wuta. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar kafa da mai ke bi. Ƙurar hunturu, ko fetur mai ruwa, ko wanda ya wuce wata guda a ajiye, duk suna toshe ta.

Kafin manomi ya nemi makanike, sai ya duba ko ya buɗe makunnin mai. Da sanyin safiya a rufe cok, inji na kamawa a buɗe shi. In an yi ta jan igiya har fulogi ya jiƙe da mai, a kwance shi, a goge, a bari ya bushe.

A riƙa tace fetur da ƙyalle mai tsabta. A wanke soson iska bayan aikin awa 50, ko kafin haka in ƙura ta yi yawa. Kada a soka waya cikin kafar mai, don tana faɗaɗa ta, inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi.

In an gama aikin rani, a tsiyaye fetur ɗin kafireta kaf kafin a ajiye inji.