Umurni da Hani a Hausa da Sifaniyanci

Masu nazarin nahawu sun daɗe da lura da cewa a harsuna da yawa hani yana da tasa siga dabam da ta umurni. Hausa da Sifaniyanci, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun yi tarayya a wannan.

Idan manomi a Mairuwa ya umurci ɗansa, aikatau kaɗai ya ishe shi: "Zauna!" Amma in zai hana shi, tilas ya kawo "kada" ko "kar", sa'an nan wakilin suna: "Kada ka zauna." Wannan "ka" mai karin sauti ƙasa, shi ne dai na cikin "ina so ka zauna", watau sigar buri da fata. Don haka hani yakan fayyace jinsi, "kada ka" da "kada ki", alhali "Zauna!" ya haɗa namiji da mace.

Sifaniyanci, wanda Antonio de Nebrija ya wallafa nahawunsa na farko a 1492, haka yake yi. Umurni ga mutum ɗaya shi ne habla (yi magana) da come (ci). Wajen hani sai a kawo no, aikatau ya koma sigar fata, wasalin ƙarshe ya juya: no hables, no comas. Waɗansu aikatau sukan canza kama sosai: ven (zo) ya zama no vengas, haz (yi) ya zama no hagas. Wakilin sunan karɓau kuma, wanda ke manne a bayan aikatau cikin dímelo (faɗa mini shi), yakan dawo gaba: no me lo digas. Wanda ya karanta nahawun Larabci a zaure ba zai yi mamaki ba, gama uktub ma takan zama la taktub.

Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ga ma'aikacin da ke fassara sanarwa. No come ma'anarsa "ba ya ci", labari ne kurum. No comas shi ne "kada ka ci". A jikin kwalbar maganin ƙwarin auduga, irin wannan kuskure yana iya jawo asarar rai. In kuwa gargaɗin na jama'a duka ne, Sifaniyanci yakan yi amfani da masdari, No fumar, Hausa kuwa ta ce "Kada a sha taba."