Zaɓen Kafireto Ga Tsohuwar Motar MG: Daidai Ruwa Daidai Tsaki

A garin Abingdon na ƙasar Ingila aka ƙera ƙaramar motar nan mai gudu da a ke kira MGB, tun daga 1962 har 1980 da aka rufe masana'antar. An yi fiye da rabin miliyan, aka kai da yawa Amurka. Har yau akwai masu riƙe da ita suna tattalinta kamar dokin gado. Kowane ɗayansu kuwa, in motar ta daɗe a hannunsa, sai ya fara tunanin ƙara mata ƙarfi, abin da ya kan fara kai wa hannu kuma shi ne kafireto. To, a nan ne kuɗin mutane da yawa ya ke salwanta, shi ya sa muka ga ya kyautu mu yi wa masu karatu bayanin al'amarin.

Wanda ya san Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975 ya san kafireto, ko da ya ke motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai. Aikinsa shi ne ya gauraya iska da fetur kafin su shiga silinda. In za a ƙone fetur ƙurmus, kowane awo guda nasa yana bukatar awo 14.7 na iska, a nauyi. Iskar ta kan bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, sai gudunta ya ƙaru, ta zuƙo mai ta wata 'yar ƙofa. Watau gudun iska shi ne ke jawo mai.

Yanzu sai malamai su ɗauki alli mu yi lissafi. Cikin injin MGB lita 1.798 ne. Inji irin wannan ya kan cika cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Masana'anta ta ce yana ba da ƙarfin doki 95 sa'ad da ya ke juyi 5,400 a minti. Rabin 5,400 shi ne 2,700, in an riɓa da 1.798 sai a sami lita 4,855 ta iska a minti guda. Wannan ita ce iyakar abin da cikinsa zai ɗauka, a aikace kuwa bai kai nan ba. Kome girman kafireton da aka ɗaura masa, ba zai tura masa iskar da ba ta da wurin shiga ba.

MGB ta fito da kafireto biyu ƙirar SU, kowanne faɗin bakinsa inci 1½. Kamfanin SU na 'yan'uwa ne masu suna Skinner, an kafa shi a 1910, William Morris ya saye shi a 1926. Dabararsa kuwa ita ce wani fistan da ke hawa da sauka da kansa gwargwadon iskar da inji ke bukata, yana ɗauke da allura mai tsini da ke buɗe ƙofar mai kaɗan-kaɗan. Saboda haka gudun iska ba ya faɗuwa, ko ana tafiya sannu cikin gari ko an miƙe a babbar hanya.

Akwai hanya uku a gaban mai mota. Ta farko ita ce ya gyara nasa na asali. Kafireton da ya yi shekara hamsin, sandar totur ɗinsa ta kan cinye, iska ta riƙa satar hanya, allura da ƙofar mai su lalace. Mutum ya ga mota ta yi sanyi ya ce kafireto ya yi ƙanƙanta, alhali tsufa ne kawai. Kayan gyaran SU ba su ɓace ba, don kamfanin Burlen na garin Salisbury ya ci gaba da ƙera su.

Ta biyu ita ce ya sa SU mai inci 1¾. Filin bakinsa da iska ke bi ya fi na farko da kashi 36 cikin ɗari. Amma in ba a taɓa inji ba, fistan ɗinsa ba zai ko tashi har ƙarshe ba, an sayi babbar riga ke nan ga ƙaramin yaro.

Ta uku ita ce Weber 45 DCOE, wanda masu tsere ke yabo. Edoardo Weber ya kafa kamfaninsa a Bolona ta ƙasar Italiya a 1923. Wannan yana da baki biyu, kowanne milimita 45, ga ƙara mai daɗin ji, ga famfo da ke watsa mai da zarar an taka totur. Sai dai maƙogwaronsa ba ya sāke girma da kansa. In an sa mai faɗi ƙwarai, iska ta kan yi sanyin gudu sa'ad da inji ke juyi kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa a tashi, ta kuma sha mai. Sau da yawa har na'urar rarraba wuta ga fulogai sai an sāke mata saiti.

Akwai kuma wani abu da kafireto ba zai iya gyarawa ba. Kan injin MGB ƙofa biyu kaɗai gare shi ta shigar iska, silinda biyu-biyu ke tarayya a kan ƙofa guda, ta fitar hayaƙi kuwa uku ce. Nan ne ƙuncin ya ke. Sai an gyara kan inji, an sāke kamshaf da salansa, sa'an nan babban kafireto zai nuna amfaninsa.

Amma fa wanda motarsa ta Amurka ce daga 1975 zuwa gaba, hukuncinsa dabam ne. Saboda dokar hayaƙi aka sa wa waɗannan kafireto guda ƙirar Zenith-Stromberg, ƙarfinsu ya faɗi ƙasa da doki 70. Shi kam, in dokar wurinsa ta yarda, komawa ga SU biyu riba ce a fili.

Kowace hanya aka bi, tilas a kai motar wurin ƙwararren makaniki mai na'urar gwaji, wadda mota ke gudu a kanta tana tsaye wuri guda, ya auna hayaƙi ya daidaita allura ko ƙofofin mai. In mai ya yi yawa, ya kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, inji ya cinye da wuri. In ya yi kaɗan, zafi ya kan ƙone bawul, har ya huda fistan. A duba robobin mai kuma, gama tun watan Satumba 1 ga wata na 2021 fetur na yau da kullum a Ingila ya kan ƙunshi sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa yana cin tsohuwar roba, mai ya ɗiga a kan salansa mai zafi.

Shawararmu dai ita ce, mai mota ya tambayi kansa inda zai riƙa hawanta. In yawon hanya ne, ya gyara SU ɗinsa ya huta. In filin tsere ne, ya fara da kan inji, kafireto ya zo daga baya. Kada kuma ya jefar da na asali, don ranar sayarwa masu son tsofaffin motoci su kan tambaye shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya kiyaye hanya.