KEKE MAI ƘAFA ƊAYA: IN TAYA BA TA DACE DA JANTI BA, MAHAYI KE BIYA

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A sha'anin keke, wannan haki bai wuce ƴan milimita ba: bambancin da ke tsakanin faɗin taya da faɗin janti, wato gewayen ƙarfen da taya ke zama bisa kansa. Keke mai ƙafa biyu yana iya ɓoye wannan aibi wata da watanni. Keke mai ƙafa ɗaya kuwa, wanda Faransawa ke kira monosikil, tona shi yake tun daga hawan farko. Abin da mahayansa suka koya da faɗuwa da kurjewa, ya kamata mai saida taya a kasuwar Maraɗi da ma'aikacin da ke zuwa biro bisa keke su same shi kyauta.

Daga fagen wasa zuwa kan duwatsu

An ce keke mai ƙafa ɗaya ya samo asali daga dogon keken nan na shekarun 1870, mai ƙatuwar ƙafa a gaba da ƴar ƙarama a baya. Ta bayan kan ɗaga sama idan mahayi ya rinjaya gaba, har wasu suka gane cewa ana iya tafiya ba tare da ita ba. Shekara da shekaru bai wuce hannun masu wasan ban mamaki da ke yawo gari-gari a Turai da Amurka ba. Daga baya ya zama wasan motsa jiki mai dokokinsa. An yi gasar duniya ta farko, wadda ake kira Unicon, a garin Sirakus na jihar Niyok a 1984, kuma karo na 20 an yi shi a Gironobil ta ƙasar Faransa a 2022. A Japan, tun ƙarshen shekarun 1980 ya shiga makarantun firamare a matsayin abin koya wa yara daidaita jiki.

Muddin yana bisa daɓe mai santsi, ba wanda ya damu da faɗin janti. Maganar ta taso ne lokacin da wasu suka fitar da shi daji. George Peck, mutumin Alaska, ya nuna a wani fim na 1991 cewa ana iya hawansa bisa duwatsu da ƙanƙara. Kris Holm na ƙasar Kanada ya bi sawunsa, ya sauko da shi daga manyan tsaunuka, sa'an nan ya kafa kamfanin da ke ƙera irin wannan keke. Ɗaya daga abubuwan da aka san kekunansa da su shi ne janti mai faɗin milimita 47, wanda ya kusa ninka na keken gari. Ba don ado aka yi shi ba. Tayar inci 3 da mahayan tsauni suka koma amfani da ita ba ta tsayuwa daidai bisa siririn janti.

Abin da ya sa ƙafa ɗaya ba ta yafe kuskure

A keken da kowa ya sani, nauyin mahayi ya rabu biyu, ƙafar baya ta ɗauki kaso mafi yawa. Akwai kan keke da ake riƙewa a karkata shi, akwai kuma ƙafa ta biyu da ke riƙe hanya idan ɗaya ta zame. Keke mai ƙafa ɗaya bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fedojinsa a manne suke da tsakiyar ƙafar, galibi babu sarƙa, domin haka duk zagaye ɗaya na feda zagaye ɗaya ne na taya: kamar mita 1,6 ga mai inci 20, kusan mita 2,9 ga mai inci 36. Da ƙugu ake juya shi. Mahayi da nauyinsa duka, da tuƙinsa, da tsayawarsa, da gyaran da yake yi don kada ya faɗi, suna bi ne ta wani ɗan wuri da bai kai tafin hannu ba, inda roba ta taɓa ƙasa. Idan robar ta motsa gefe ba da izininsa ba, ko da kaɗan ne, babu abin da zai tare shi sai ƙasa.

Ba ƙaramar tafiya ake yi da shi ba kuma. Ed Pratt, wani saurayi ɗan Ingila, ya bar gida a 2015 bisa keke mai ƙafa ɗaya mai inci 36, ya zagaya duniya, ya komo a 2018 bayan ya yi sama da kilomita 30.000. Wanda zai yini bisa sirdi haka, tayar da ke jan shi gefe ba abin dariya ba ce gare shi.

Suna ɗaya, awo daban

Rikicin ya fara tun farkon taya mai iska. John Boyd Dunlop ya yi tasa a Belfas a 1888, ƴan'uwan nan biyu na gidan Michelin suka fito da wadda ake cirewa a gyara a 1891. Kowace ƙasa ta bi awonta. Ingilishi suna faɗin girman taya daga waje da inci, wanda kowane ɗaya milimita 25,4 ne. Faransawa suna faɗinsa da milimita su ƙara harafi, kamar 650B ko 700C. Amma girman waje yana canzawa da kaurin roba, alhali abin da ya kamata ya dace shi ne bakin taya, mai waya a ciki, da mazauninsa a janti.

Sakamakon haka shi ne suna ɗaya ya rufe awo da yawa. Abin da ake kira «26» yana iya zama milimita 559, ko 571, ko 584, ko 590, ko 597. «28» yana iya zama 622, ko kuma 635, wanda shi ne na manyan baƙaƙen kekunan nan masu ɗaukar kaya irin su Raleigh da Phoenix. «20» yana da 406 da 451. Abin mamaki ma, tayar «27», mai milimita 630, ta fi tayar «28» mai 622 girman baki.

Don kashe wannan rikici, ƙungiyar masu ƙera taya da janti ta Turai, ETRTO, wadda aka kafa a 1964, ta tsara rubutu mai lambobi biyu, kuma hukumar ƙa'idojin duniya ta karɓe shi da sunan ISO 5775. Mai karatu zai gan shi a gefen kusan kowace taya ta kirki: 47-406, 50-559, 37-622, 40-635. Lamba ta biyu girman bakin taya ce, tilas ta zama daidai da ta janti, babu ragi babu ƙari. Lamba ta farko faɗin taya ce. Janti ma yana da nasa rubutun, misali 559x19, inda 19 ke nufin faɗinsa na ciki, tsakanin leɓunansa biyu. Lamba ta biyu ita ke cewa ko taya za ta shiga. Ta farko, idan an gwada ta da faɗin janti, ita ke cewa yadda za ta tafi.

Linzami da bakin kaza

Idan aka ɗora faffaɗar taya bisa siririn janti, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Tayar kan ɗauki siffar tulu mai ƙaramin wuya: ciki ya kumbura, gindi ya matse. Gefunanta ba su da abin jingina. Da mahayi ya karkata, ko ya yi tsalle gefe don hawa dutse, sai ta lanƙwashe ƙarƙashinsa. Dabarar da ta rage masa ita ce ƙara iska. To, amma iska mai yawa tana maida taya kamar ƙwallo, tana tsalle bisa kowace tsakuwa, ta rage riƙon ƙasa, kuma tana tura leɓunan janti waje da ƙarfin da ba a ƙera su dominsa ba. Ya saye faffaɗar taya don taushi, ya ƙare da tauri.

Idan kuma jantin ne ya yi wa taya faɗi, aibin na daban ne. Tayar kan baje, bayanta ya zama shimfiɗaɗɗe maimakon kewayayye, tsayinta ya ragu. Gefunanta, inda roba ta fi sirantaka, su fito fili ga duwatsu da ƙaya. Da an faɗa rami, janti ya daki ƙasa, ya matse robar ciki, ya bar mata huda biyu a jere. Ga mai ƙafa ɗaya akwai ƙarin wahala. Injiniyoyi kan yi hanyar kwalta da ɗan tudu a tsakiya domin ruwan sama ya gangara gefe. Taya mai shimfiɗaɗɗen baya tana son kwantawa daidai da wannan gangara, sai ta riƙa jan keke zuwa bakin hanya. Mahayi ya yi ta murɗa jiki yana gyarawa, kilomita bayan kilomita, har ƙugu da kafaɗa su gaji.

Tsohuwar ƙa'idar masu gyaran keke ita ce faɗin taya ya ninka faɗin cikin janti sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Tayar milimita 50 tana son janti mai 25 zuwa 33. Tayar inci 3, wato milimita 76, tana son mai 38 zuwa 50. Jadawalin ETRTO ya yarda da abin da ya zarce haka, domin shi abin da ya dame shi shi ne kada taya ta fita daga mazauninta. Amma abin da aka yarda da shi daban, abin da ke tafiya lafiya daban. Mai tsalle-tsalle da mai bin daji sukan zaɓi janti mai faɗi, don su rage iska ba tare da taya ta lanƙwashe ba. Mai dogon zango bisa kwalta ya fi son wanda zai bar bayan taya a kewaye. Akwai awo na uku da ake yawan mantawa: faffaɗan janti yana ƙara buɗe taya, sai a duba ko za ta juya tsakanin rassan ƙarfe biyu da ke riƙe da ƙafar ba tare da goga ba.

Darasin rairayi

Inda faɗi ya fi nuna amfaninsa shi ne cikin rairayi, kuma a nan tarihin ya biyo ta ƙasarmu. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram zuwa Tamanraset bisa keke na musamman mai faffaɗan tayoyi. A 1986 ya sake shiga Sahara, daga Alje zuwa Tumbutu, da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin. Hikimar ita ce ta tafin raƙumi: idan nauyi ya bazu bisa wuri mai faɗi, ƙafa ba ta nutsewa. Amma bazuwar ba ta samuwa sai da iska kaɗan, iska kaɗan kuma ba ta yiwuwa sai da janti mai faɗi. A 2005 kamfanin Surly na Amurka ya fito da keken Pugsley mai tayar kusan inci 4 bisa janti mai milimita 65, kuma mahayan ƙafa ɗaya ba su daɗe ba suka ɗauki wannan janti don nasu amfani.

Abin da ya shafi kasuwa

Ba kowa ne zai hau keke mai ƙafa ɗaya ba, amma dokar janti da taya ɗaya ce ga kowane keke. Wanda ya ɗora buhun hatsi ko jarkokin ruwa a baya, ya tara kusan dukkan nauyi bisa ƙafa guda, ya kusa zama ɗan'uwan mai monosikil ba tare da ya sani ba. Kekunan da ke shigowa ta Kano, Kwatano da Lome, sababbi da na hannu, sun haɗa awon Ingila, na Faransa, na Sin da na Japan wuri ɗaya. Ɗan kasuwar da ya yi odar «26» kawai yana iya biyan kuɗɗin mota da na duwan, ya buɗe kaya ya tarar da 590, alhali masu saye 559 suke nema. Mai facin da ya tilasta taya da ƙarfe har ta shiga yana iya lalata wayar bakinta, ita kuwa wadda ta shiga da sauƙi fiye da kima tana iya kuɓucewa daga janti lokacin da ake buga mata iska.

Maganin bai da tsada. Kafin a biya, a karanta lambobi biyun da ke gefen tsohuwar taya. In sun goge, a cire ta, a auna faɗin cikin janti da ƴar ma'aunin ɗan makaranta, a ninka shi sau ɗaya da rabi, a sake ninka shi sau biyu: tayar da ta dace tana tsakani. Mai yin oda ya rubuta lambobin milimita a takardarsa, ya bar inci ga masu hira. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma tayar da ba ta dace da jantinta ba, kome arahar ta, sau biyu ake sayenta.