Ceto ta wurin bangaskiya kaɗai

Ceto ta wurin bangaskiya kaɗai, wanda aka fi sani da sunansa na Latin, sola fide, koyarwa ce ta addinin Kirista da ke cewa Allah yana gafarta wa mai zunubi, ya kuma karɓe shi a matsayin mai adalci, saboda dogarar da ya yi ga Yesu Almasihu, ba saboda ayyukan kirkin da ya aikata ba. Ita ce ginshiƙin yunƙurin gyaran coci da ya taso a Jamus a ƙarni na 16 ƙarƙashin Martin Luther, kuma har yau tana daga cikin manyan abubuwan da suka bambanta majami'un Furotesta da Cocin Katolika da na Otodoks. Duka ɓangarorin sun yarda cewa ceto kyauta ce daga Allah, kuma babu shi sai da bangaskiya. Saɓaninsu ya ta'allaƙa ne a kan kalmar "kaɗai", da kuma abin da ake nufi idan aka ce Allah ya baratar da mutum.

Ma'anar kalmomin

A harshen Latin, fides na nufin bangaskiya, sola kuma na nufin kaɗai. Sigar fide tana ɗauke da ma'anar "ta hanyar". Wato a wurin masu wannan koyarwa, ba bangaskiya ce ke biyan bashin zunubi ba. Ita hanya ce ta karɓar abin da Almasihu ya riga ya yi, kamar hannun da mutum ke miƙawa ya karɓi kyauta.

Kalmar Hausa "bangaskiya" ta fito ne daga "ba da gaskiya", kuma gininta irin na "ban kwana" da "ban ruwa" ne. Da ita ake fassara kalmar Girkanci pistis, wadda ta ƙunshi yarda da dogara da riƙon amana. Malaman Furotesta suna jaddada cewa ba amincewa da wasu bayanai a ka kawai ake nufi ba, har da dogara ga alkawarin Allah da zuciya ɗaya.

Kalma ta biyu ita ce "baratarwa", wadda wasu fassarorin Hausa suke kira kuɓuta. A Girkancin Sabon Alkawari, kalmar ta yaren kotu ce, kamar yadda alƙali ke yanke hukunci cewa wanda ake tuhuma ba shi da laifi. Amma a Latin an fassara ta da iustificare, wadda aka haɗa daga kalmar "mai adalci" da kalmar "yi", sai ta ba da ma'anar mayar da mutum mai adalci. Tsakanin ayyana mutum mai adalci da mayar da shi mai adalci ne mafi yawan gardamar take.

Tushe a cikin Littafi Mai Tsarki

Masu koyarwar sun fi kafa hujja da wasiƙun Manzo Bulus. A Romawa sura ta 3, Bulus ya bayyana cewa kowa ya yi zunubi, kuma ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba. A sura ta 4 ya kawo misalin Ibrahim daga Farawa 15:6, wanda aka lissafta masa gaskatawarsa a matsayin adalci tun kafin a yi masa kaciya. Haka nan ana ambaton Galatiyawa 2:16 da Afisawa 2:8-9. Daga Bishara, ana kawo misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18, da labarin mai laifin da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, wanda aka yi masa alkawarin Firdausi alhali ba shi da sauran lokacin yin wani aiki.

Masu suka kuwa suna nuni da wasiƙar Yaƙub sura ta 2, inda aka kwatanta bangaskiyar da ba ta da ayyuka da matacciya. Aya ta 24 ta wannan sura ita ce wuri ɗaya tak a Sabon Alkawari na Girkanci da aka haɗa "bangaskiya" da "kaɗai" a kan batun baratarwa, kuma a can kore ta aka yi. Suna kuma kawo Matiyu 25, inda hukuncin ƙarshe ya danganta da ciyar da mayunwata da ziyartar marasa lafiya da fursunoni.

Kafin Luther

A farkon ƙarni na 5, Augustine (354–430), bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya yi jayayya da wani malami mai suna Pelagius, wanda ya koyar da cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah da zaɓin kansa. Augustine ya tsaya a kan cewa ɗan Adam ba zai iya juyowa ga Allah ba sai alheri ya riga shi. Majalisar Carthage ta shekarar 418 da ta Orange ta 529 sun goyi bayan wannan fahimta. Sai dai Augustine ya ɗauki baratarwa a matsayin canjin da Allah ke yi a cikin mutum a hankali, kuma a kan haka Cocin Yamma ya tafi na tsawon ƙarnoni.

Martin Luther

Martin Luther (1483–1546) ya shiga gidan zuhudu na ɗariƙar Augustine a birnin Erfurt a shekarar 1505. Duk da azumi da addu'o'i da yawan ikirarin zunubi, hankalinsa bai kwanta ba, domin bai ga ta yadda zai tabbatar ayyukansa sun gamsar da Allah ba. Ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a Jami'ar Wittenberg, inda ya koyar da wasiƙar Romawa daga 1515 zuwa 1516. Bisa bayanin da ya rubuta a 1545, mafitarsa ta zo ne daga Romawa 1:17. Da yana fahimtar "adalcin Allah" a matsayin adalcin da Allah ke hukunta masu zunubi da shi, daga baya ya fahimce shi a matsayin adalcin da Allah ke bai wa mai bangaskiya kyauta.

A lokacin ana sayar da takardun rangwamen horon zunubi a wasu sassan Jamus, kuma wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Saint Peter a Roma. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya yi suna a wannan harka. A ranar 31 ga Oktoba 1517, Luther ya aika wa Akbishop Albrecht na Mainz batutuwa 95 na sukar lamarin. Batutuwan ba su fayyace sola fide ba, amma rikicin da suka tayar ya sa ya shimfiɗa koyarwar a fili a rubuce-rubucensa na 1520. Fafaroma Leo na 10 ya kore shi daga cocin a Janairun 1521, kuma a watan Afrilu ya ƙi janye littattafansa a gaban Sarki Charles na 5 a taron Worms.

Kalmar da Luther ya ƙara

A fassarar Sabon Alkawari zuwa Jamusanci da ya fitar a Satumban 1522, Luther ya sa kalmar allein, wato kaɗai, a Romawa 3:28, alhali babu ita a matanin Girkanci. Abokan hamayyarsa suka zarge shi da cusa ra'ayinsa cikin nassi. A wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan fassara da ya rubuta a 1530, ya kare kansa da cewa ɗabi'ar Jamusanci ce a sa wannan kalma idan ana tabbatar da abu ɗaya ana kore wani, kuma aikin mai fassara shi ne ya yi magana kamar yadda masu harshen suke yi. Ya ƙara da cewa wasu malaman farko sun riga shi amfani da lafazin. Har yanzu ana kawo wannan aya a matsayin misali a muhawarar fassarar kalma da kalma da fassarar ma'ana.

Matsayin majami'un Furotesta

Sashe na 4 na Ikirarin Augsburg, wanda Philip Melanchthon ya tsara aka gabatar a ranar 25 ga Yuni 1530, shi ne bayanin hukuma na mabiya Luther. John Calvin (1509–1564) na Geneva ya koyar da cewa wanda ya haɗu da Almasihu yana samun baiwa biyu, baratarwa da tsarkakewa, waɗanda ake bambantawa amma ba a rabawa. Koyarwar tana cikin sashe na 11 na Sassa 39 na Cocin Ingila na 1571, da sura ta 11 ta Ikirarin Westminster na 1646. John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist, ya ba da labarin cewa ya sami tabbacin gafara a wani taro a titin Aldersgate na Landan a ranar 24 ga Mayu 1738, lokacin da ake karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa.

A taƙaice, matsayinsu shi ne adalcin da ke ceton mutum na Almasihu ne, ana lissafta masa shi ne daga waje. Saboda haka mai bi yana iya zama baratacce a gaban Allah alhali zunubi bai gama barinsa ba, kuma yana iya samun tabbacin ceto tun a duniya. Ayyukan kirki kuwa 'ya'yan bangaskiya ne. Itace ne ke haifar da 'ya'ya, ba 'ya'ya ke haifar da itace ba. Da haka suke sulhunta Bulus da Yaƙub, suna cewa Yaƙub yana sukar bangaskiyar fatar baki ne.

An daɗe ana zargin koyarwar da buɗe ƙofar sakaci, kuma wasu 'yan Furotesta da kansu sun yi wannan gargaɗi. Fasto Dietrich Bonhoeffer na Jamus, wanda gwamnatin Nazi ta kashe a 1945, ya soki abin da ya kira alheri mai araha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba da bin Almasihu ba.

Martanin Katolika da Otodoks

A taron Regensburg na 1541, wakilan ɓangarorin biyu sun amince da wani rubutu a kan baratarwa, amma Luther da Roma duk suka ƙi shi. Daga nan Majalisar Trent (1545–1563) ta fitar da hukuncinta a ranar 13 ga Janairu 1547, mai surori 16 da dokoki 33. Doka ta farko ta la'anci duk wanda ya ce mutum na iya barata da ayyukansa ba tare da alherin Allah ba. Ta tara kuma ta la'anci wanda ya ce bangaskiya kaɗai ta wadatar, har ba a buƙatar haɗin kan mutum da alherin. A wurin majalisar, baratarwa ta haɗa gafara da sabunta zuciya, tana zuwa ta hanyar baftisma, tana ƙaruwa da ayyukan ƙauna, ana iya rasa ta ta wurin babban zunubi, a kuma maido ta ta wurin tuba da ikirari.

Majami'un Otodoks na Gabas sun fi bayyana ceto a matsayin tarayya da rayuwar Allah da ke girma a hankali. Jeremias na 2, shugaban cocin Constantinople, ya yi musayar wasiƙu da malaman Luther na Tübingen har zuwa 1581 ba tare da an daidaita ba, kuma Majalisar Urushalima ta 1672 ta ƙi koyarwar.

Sanarwar haɗin gwiwa ta 1999

Bayan shekaru ana tattaunawa, Tarayyar Majami'un Luther ta Duniya da Cocin Katolika sun sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa a birnin Augsburg a ranar 31 ga Oktoba 1999. Sun amince cewa Allah yana karɓar mutum ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki yana sabunta zuciya ya kira mutum ga ayyukan kirki. Sun kuma bayyana cewa la'anonin ƙarni na 16 ba su shafi koyarwar kowane ɓangare kamar yadda aka shimfiɗa ta a sanarwar ba. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga a 2006, tarayyar majami'un Reformed kuma a 2017. Wasu majami'u, irin su Missouri Synod ta Amurka, sun ƙi amincewa, suna ganin an lulluɓe saɓanin ne da kalmomin da kowa zai fassara yadda ya ga dama.

Muhawarar masana na zamani

A littafinsa na 1977, masani E. P. Sanders ya kafa hujjar cewa Yahudawan zamanin Bulus ba su ɗauki Shari'a a matsayin hanyar sayen ceto ba. James Dunn da N. T. Wright sun gina a kai, suna cewa "ayyukan Shari'a" sun fi nuni ga alamomin da suka raba Bayahude da sauran al'ummai, kamar kaciya da dokokin abinci da Asabar. Akwai kuma gardamar nahawu a kan lafazin Girkanci pistis Christou. Kamar yadda "son uwa" a Hausa kan iya nufin son da uwa ke yi ko son da ake yi mata, haka wannan lafazi kan iya nufin bangaskiyar da ake yi ga Almasihu ko amincin da Almasihu ya nuna. Masana sun rabu a kai.

A Najeriya

Majami'un bishara irin su ECWA da COCIN da Baptist suna riƙe da wannan koyarwa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ya taimaka wajen kafa kalmominta a bakin Kiristoci masu jin Hausa. Cocin Luther na LCCN, mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, ya samo asali daga aikin mishan na 'yan ƙasar Denmark da aka fara a 1913. Akbishop ɗinsa, Musa Panti Filibus, ya shugabanci Tarayyar Majami'un Luther ta Duniya daga 2017 zuwa 2023.